Farfesa Charles Wambebe: Daga Barcin 'Yan Tsaki a Zariya Zuwa Maganin Sikila

Duk wanda ya taɓa karɓar magani a asibiti ya san umarnin da akan bayar: biyu da safe, biyu da rana, biyu da dare. Kaɗan ne daga cikinmu suke tsayawa su tambayi dalili. In har ƙwayar da aka haɗiya da safe ta yi aiki, ina ta shiga kafin azahar, har ake bukatar wata? Me ya sa kuma maganin da ya kwantar da Tanko barci ya bar Jatau ido biyu, alhali kuwa daga kwalba ɗaya aka zuba musu? Waɗannan tambayoyi suna cikin fannin ilmin da ake kira famakoloji, watau ilmin sanin yadda magani da jiki suke mu'amala da juna. Masana sun raba shi gida biyu. Akwai abin da magani yake yi wa jiki, akwai kuma abin da jiki yake yi wa magani. Na farkon kowa ya san da shi, domin saboda shi ake shan maganin. Na biyun ne ba a cika kula da shi ba, kuma sau da yawa shi ne yake raba tsakanin warkewa da halaka.

A wannan fitowa za mu bi sawun wani masani da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta horar, wanda aikinsa ya ratsa gidajen nan biyu, watau Farfesa Charles Wambebe. An haife shi a shekarar 1946 a ƙasar da take cikin Jihar Kogi a yanzu, ya rasu a watan Nuwamba na 2022. Ɗalibanmu na Wonaka da Gusau da Tsafe da Bunguɗu ƙila ba su taɓa jin sunansa ba. Amma da wuya a sami unguwar da babu mai ciwon da ya shafe shekaru yana nema wa magani.

'Yan Tsaki da Agogo

Wambebe ya sami digirinsa na dakta a Zariya a 1979, a ɓangaren nazarin yadda magunguna suke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya yi aiki tare da Farfesa Gabriel Osuide, wanda daga baya ya zama shugaban farko na hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993. Abin da suka sa a gaba shi ne wani sinadari mai suna dofamin. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba. Akwai ɗan sarari tsakaninsu, kuma da sinadarai suke aika wa juna saƙo su tsallake wannan sarari. Dofamin yana ɗaya daga cikin waɗannan 'yan aike. Wani masanin ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1950, aka kuma gano cewa ƙarancinsa ne yake kawo ciwon karkarwa na Parkinson. Tambayar da aka yi a Zariya ita ce: shin dofamin yana da hannu a sha'anin barci da farkawa?

Dabbar da suka yi gwaji da ita za ta ba mai karatu mamaki: 'yan tsaki. Ba don araha kaɗai aka zaɓe su ba. Ƙwaƙwalwar babban mutum ko babbar dabba tana da wani shinge da yake tace abin da zai shiga cikinta daga jini, kuma dofamin ba ya iya ƙetare shi. A ɗan tsakon da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba, wannan shinge bai gama ginuwa ba, don haka abin da aka yi masa allura yana isa ƙwaƙwalwa. Sai a ba ɗan tsako maganin sa barci mai suna fentobabiton, a riƙe agogo, a auna tsawon lokacin da zai yi kwance kafin ya iya miƙewa a kan ƙafafunsa. Sa'an nan a maimaita gwajin a kan wasu 'yan tsakin da aka fara ba su dofamin ko magungunan da suke kwaikwayon aikinsa. A rahoton da Osuide da Wambebe suka buga a 1980, sun nuna cewa dofamin da danginsa suna adawa da wannan barci.

Ina so malamai su ja hankalin ɗalibai ga sauƙin kayan aikin: ɗan tsako, sirinji, ma'auni da agogo. Wahalar tana wajen fassara sakamakon. Idan wani sinadari ya gajarta barcin dabba, hanyoyi biyu ne zai iya bi. Ko dai ya shiga ƙwaƙwalwa ya tashe ta, ko kuwa ya je hanta ya sa ta gaggauta rushe maganin barcin, ƙwaƙwalwa ta farka don abin da yake danne ta ya ƙare. A idon mai riƙe da agogo duk ɗaya ne. Wanda ya horu da irin wannan gwaji dole ya riƙa tunawa da hanta a duk lokacin da yake magana a kan magani.

Abin da Hanta Take Yi wa Magani

Hantar babban mutum tana da nauyin kimanin kilo ɗaya da rabi. Jinin da ya ɗebo abinci daga hanji ba ya wucewa kai tsaye zuwa zuciya, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya ratsa hanta tukuna. Ke nan duk abin da aka haɗiya, tuwo ne ko ƙwaya ko jiƙo, sai ya tsaya a wannan shingen kwastan kafin ya zaga jiki. Wasu magungunan ma hanta tana cinye mafi yawansu a wannan wucewa ta farko, shi ya sa ake ba da su ta allura ko a ƙarƙashin harshe.

Ga matsalar da hanta take warwarewa. Kafin magani ya ratsa bangon hanji ya shiga ƙwayoyin jiki, yawanci sai ya kasance mai narkewa a cikin mai, domin bangon ƙwayoyin halitta da kitse aka gina shi. Ita kuwa ƙoda da ruwa take aiki. Abin da yake narkewa a mai, in ƙoda ta tace shi, sai ya sake ratsa bangon bututunta ya koma cikin jini. Da babu mai canza masa kama, da wani maganin zai yi ta zagaya jiki makonni. Aikin hanta shi ne ta mayar da abin da yake son mai ya koma mai son ruwa, don ya fita a fitsari ko ta matsarmama.

Wanda ya tsara mana fahimtar wannan aiki shi ne Richard Tecwyn Williams na makarantar likitanci ta St Mary's a Landan. Ya buga littafinsa a kan wannan batu a 1947, a bugu na biyu kuma na 1959 ya raba aikin zuwa mataki biyu. A mataki na farko, hanta tana ɗan sassaƙa maganin, galibi ta hanyar liƙa masa iskar oksijin, kamar yadda masassaƙi yake huda ƙota. A mataki na biyu sai ta ɗaura masa wani sinadari mai son ruwa a wannan gurbi, ya zama ƙoda za ta iya fitar da shi. Ma'aikatan da suke yin sassaƙar su ne inzayim, waɗanda ɗaliban aji huɗu na sakandare suka riga suka sani a darasin narkewar abinci. Mafi muhimmanci a cikinsu dangi ne guda mai suna sitokurom P450. Masanan Japan biyu, Omura da Sato, su suka raɗa musu wannan suna a 1962, saboda in an haɗa su da iskar kabon monoksaid sun fi tsotse haske mai tsawon zango nanomita 450. Yanzu an san ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado 57 na wannan dangi, amma 'yan ƙalilan ne suke ɗauke da nauyin sarrafa magunguna. Biyu daga ciki za mu sake haɗuwa da su: CYP3A4 da CYP2D6.

Daga nan amsar tambayarmu ta farko ta fito. Masana suna auna lokacin da jiki yake ɗauka kafin ya rage magani zuwa rabinsa a cikin jini. Na farasitamol awa biyu ne zuwa uku. Bayan wannan lokaci saura rabi, bayan wani kamarsa saura rubu'i, kafin awa shida zuwa takwas abin da ya rage bai isa ya danne ciwon kai ba. Kulorokwin kuwa, wanda iyayenmu suka sha suka yi ta susa, yana yin makonni a jiki kafin ya ragu zuwa rabi. Saboda haka tazarar da likita yake sa wa tsakanin sha da sha lissafi ce.

Farasitamol ɗin nan da ake saya a kowane kanti yana koya mana wani darasin. Mafi yawansa mataki na biyu yake bi kai tsaye ya fita lami lafiya. Amma wani ɗan kaso yana faɗawa hannun P450, su kuma su mayar da shi guba mai kashe ƙwayoyin hanta. A ƙa'ida hanta tana da makarinta, wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda yake kama gubar nan take. Idan aka sha fiye da kima, makarin ya ƙare, gubar ta faɗa wa hantar kanta. Iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ne a yini, watau ƙwaya 8 masu miligiram 500. Abin tsoron shi ne wanda ya zarce ba ya jin wani abin a-zo-a-gani a rana ta farko. Sai bayan kwana biyu ko uku idanu su yi ɗorawa.

Malamin da yake son ya nuna wa aji cewa hanta cike take da inzayim ba ya bukatar babban ɗakin gwaji. Ya sayo ɗanyar hanta wurin mahauta, ya dafa rabi, ya bar rabi, ya jefa kowanne a cikin ruwan haidurojin feroksaid da ake sayarwa a kemis. Ɗanyar za ta yi ta kumfa, dafaffiyar kuwa shiru. Inzayim ɗin da yake wannan aiki katalas ne, ba ɗan gidan P450 ba, amma ya isa ya nuna cewa akwai ma'aikata a wurin kuma zafi yana kashe su.

Ciwon da Ba Ya Jiran Gayya

Daga baya Wambebe ya zama shugaban Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja. A nan ne sunansa ya haɗu da na cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini.

Jinin mutum ja ne saboda hemogulobin, furotin da yake ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa sassan jiki. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa hemogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, sa'an nan a 1957 Vernon Ingram ya gano inda bambancin yake. A cikin sarƙar amino asid 146, guda ɗaya tak ce ta canza, ta shida a jeri: balin ya maye gurbin gulutamik asid. Wannan ɗan canji ya sa duk lokacin da hemogulobin ya sauke oksijin sai ya manne da 'yan uwansa su yi dogayen sanduna, su tanƙwara ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Ƙwayar da ta yi lauje ba ta lanƙwasuwa, sai ta toshe ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne ciwon ƙashin da yake hana yaro barci, yake hana uwarsa barci. Ga shi kuma ƙwayar ba ta daɗewa: lafiyayya tana yin kwana 120, ita kuwa 10 zuwa 20, don haka jini kullum a ƙarance yake.

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a ƙasar nan duk shekara, kuma wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadon, watau AS. Dalilin yawan kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, domin mai AS yana da kariya daga mummunan nau'insa, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. A lura, kowane ciki ne. Ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba. Wannan kuskuren lissafi ya yaɗu ƙwarai, kuma ya kamata malaman ilmin halitta su tsaya a kansa har sai ya zauna.

A farkon shekarun 1990 babu wani maganin da aka amince da shi don rage tashin ciwon. Haidiroksiyuriya ma sai a 1998 Amurka ta amince da ita. To, a garin Oyo akwai wani limamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda yake ba masu sikila wani haɗi. Cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da shi ya bayyana sirrin haɗin. Tsirrai huɗu ne, kuma uku daga cikinsu babu Bahaushen da bai san su ba: 'ya'yan masoro, kanumfari, da ganyen dawa. Na huɗun itace ne ɗan uwan madobiya wanda Yarbawa ke kira osun. Dawar nan dai ita ce wadda ake nomawa daga Wonaka har Tsafe, kuma jinsi ɗaya ce da karan dafi da dukawa suke rina fata da shi.

A nan ne aikin masanin ya fara. Ƙarfin tsiro yana canzawa da ƙasar da ya fito, da lokacin da aka tsinke shi, da yadda aka shanya shi. Jiƙon yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba, kuma ba a iya gwada abin da ba shi da tsayayyen awo. Sai da Wambebe da jama'arsa suka daidaita yadda ake tatso sinadaran, aka busar da su suka zama gari, aka zuba a kafso mai awo sananne, aka gwada a kan dabbobi don a ga ko akwai guba. Suka raɗa masa suna Niprisan. A 1998 aka yi masa rajistar mallakar fasaha a Amurka, kuma sunan Ogunyale yana cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne. An sha karɓar sani daga hannun masu maganin gargajiya a Afirka a tafi da shi ko na-gode babu. Wannan yarjejeniya ta zama abin buga misali a tarurrukan duniya a kan yadda za a raba amfani da mai asalin sani.

Yadda Aka Gwada Shi

Ciwon sikila yana tashi yana kwantawa. Yaro zai yi wata uku lafiya ƙalau, sanyi ya shigo ko zazzaɓi ya kama shi, ciwo ya tashi. Idan aka ba shi wani abu ranar da ciwon yake shirin lafawa, kowa zai rantse abin ne ya yi aiki. Don haka shaidar "na sha na ji daɗi", ko daga bakin mutum dubu ta fito, ba ta wadatar da masani.

Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2001 ya ƙunshi masu sikila 82, yara da manya. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya aka ba su Niprisan, miligiram 12 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum. Ɗayan aka ba su kafso mai kama da shi sak amma babu magani a ciki. Majinyaci bai san wanne yake sha ba, likitan da yake duba shi ma bai sani ba, don kada fatan alheri ya shiga cikin lissafi. Bayan wata shida aka yi musanya, masu shan na gaske suka koma na wofi, na wofi suka koma na gaske. Sakamakon ya nuna raguwar yawan tashin ciwo mai tsanani ga masu shan maganin, kuma ba a ga wata mummunar illa ga hanta ko ƙoda ba. A Filadelfiya ta Amurka kuma, Efemwonkiekie Iyamu da Toshio Asakura suka nuna a 2002 cewa haɗin yana jinkirta mannewar hemogulobin a cikin kwalbar gwaji. Jinkirin yana da muhimmanci, domin in ƙwayar jini ta samu ta fice daga ƙaramar hanya kafin ta tanƙware, ta tsira a wannan zagaye.

Amma fa a faɗi gaskiya duka. Masanan ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tace rahotannin gwaji, sun duba wannan bincike suka ce alamun suna da kyau, sai dai bai nuna maganin yana ƙara jini ko yana hana manyan matsalolin cutar ba, kuma mutum 82 sun yi kaɗan a yanke hukunci. Ana bukatar gwaji mafi girma. Niprisan ba ya warkar da sikila, domin ba ya canza gado.

Labarin kasuwarsa gajere ne, kuma ba mai daɗi ba. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin yin sa, aka ƙaddamar da shi a Abuja a watan Yuli na 2006 da sunan Nicosan. A 2008 uwar kamfanin ta karye, a 2009 gwamnati ta janye lasisin, magani ya yi wuyar samu ga waɗanda suka riga suka dogara da shi. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Nijeriya, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix.

Masoro a Gaban Hanta

Mai sikila ba magani ɗaya yake sha ba. Yana shan na ciwo, yana shan na zazzaɓi, wani lokaci da na kashe ƙwayoyin cuta. Duk waɗannan a hanta ɗaya suke layi. Inzayim kuwa ana iya rage masa gudu, ana iya ƙara masa. Rifamfisin, maganin tarin fuka mai mayar da fitsari ja, yana sa hanta ta ƙera CYP3A4 da yawa, sai sauran magunguna su riƙa ƙarewa da wuri. Shi ya sa ƙwayar tazarar haihuwa takan kasa aiki ga matar da take shan sa, haka ma maganin zazzaɓi na atimita da lumefantirin yakan yi rauni. A ɗaya gefen kuma akwai masu toshe inzayim ɗin, su sa magani ya taru a jini fiye da yadda likita ya lissafa. Fiferin, sinadarin da yake ba masoro yajinsa, yana cikin waɗanda aka nuna suna rage wa CYP3A4 gudu.

Masanan da suka taso a cibiyar da Wambebe ya gina ba su kau da kai daga wannan ba. A 2015 Bulus Adzu da Karniyus Gamaniel, tare da Collen Masimirembwa na Zimbabuwe da wasu, suka buga binciken da ya nuna Niprisan yana danne aikin CYP3A4 a kwalbar gwaji. Abin da ya faru a kwalba ba lalle ya faru da wannan ƙarfi a jikin mutum ba, amma ya isa ya sa likita ya yi hattara. Ni a nan nake ganin tasirin mutumin ya fi fitowa: ya bar almajiran da suke yi wa maganin gidansu tambayar da ake yi wa maganin kowa. Darasin ya wuce Niprisan. Duk wani jiƙo ko tsimi ko gari da ake sha tare da maganin asibiti, ta hanta zai bi, kuma hanta ba ta tambayar ko daga kemis abu ya fito ko daga daji. Kada kuma wani ya karanta sunayen tsirran nan ya je ya haɗa nasa a gida ya ɗura wa yaro. Man kanumfari kansa, in ya yi yawa, yana lalata hantar ƙaramin yaro.

Saura tambayar Tanko da Jatau. A 1975 Farfesa Robert Smith, almajirin Williams a St Mary's, ya sha ɗan awo na wani maganin hawan jini mai suna debirisokwin tare da abokan aikinsa. Su ba su ji komai ba, shi kuwa jininsa ya faɗi har ya zube. Da aka auna fitsarinsa sai aka ga maganin ya fito kusan yadda ya shiga: hantarsa ba ta taɓa shi ba. A 1977 suka buga rahoton cewa wannan hali gadonsa ake yi, kuma inzayim ɗin da ya rasa shi ne wanda aka sani yanzu da CYP2D6. A 1980 suka maimaita binciken a kan 'yan Nijeriya tare da Farfesa Enitan Bababunmi na Jami'ar Ibadan. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da wannan inzayim mai aiki. A 1996 Masimirembwa ya bayyana wani nau'insa mai sanyin gudu wanda ya yawaita a tsakanin baƙaƙen Afirka, a shekarar kuma aka ruwaito cewa kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada suna da kwafin ƙwayar gadon fiye da ƙa'ida, hantarsu tana gudu fiye da ta kowa. Awon da aka tsayar bayan gwaji a kan mutanen Turai ba dole ya dace da mutumin Bunguɗu ba, kuma wannan yana daga cikin hujjojin da suka sa ake bukatar cibiyoyin bincike irin NIPRD a gida.

Wannan inzayim ya shafi matasanmu kai tsaye. Kodin da kansa ba shi da wani ƙarfi. CYP2D6 ne yake mayar da wani kaso nasa ya zama mofin, mofin ɗin ne yake aikin. Tiramadol ma, wanda aka fi sani da taramol, sai wannan inzayim ya canza shi kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Mai sikilar da hantarsa take da sanyin gudu zai sha kodin ciwo bai lafa ba, a ɗauka raki ne ko neman ƙari, alhali jikinsa ne bai samar da mofin ɗin ba. Mai hanta mai gudu kuwa, awon da abokinsa ya sha ya tashi lafiya, shi zai cika masa jini da mofin har numfashi ya tsaya. Saboda mutuwar yara ta wannan hanya ne hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan da shan sa ya zama annoba a garuruwan Arewa. Samari biyu da suka raba kwalba ɗaya a bayan makaranta ba su da hanyar sanin wane irin CYP2D6 kowannensu ya gada, domin ba a gane shi a fuska ko a ƙarfin jiki. Sai da gwajin ƙwayoyin gado ko awon fitsari irin wanda aka yi wa Smith.